Allon Malam: In Ka Sauya Kwamfuta, Ina Littafin Bashinka?

  

Cikin 'yan watannin nan tambaya ɗaya ce ke ta dawowa wannan fili, wani a wasiƙa, wani a bakin masallaci bayan la'asar. Kalmomin kan bambanta, amma maganar guda ce: "Malam, na sayi sabuwar kwamfuta, ga shi lissafina na shekara goma sha wani abu yana cikin tsohuwa. Yaya zan yi in ɗauko shi?" Masu tambayar kuwa ba yara ba ne. Akwai masu canji, da masu atamfa a Tokpa da Misebo, da dillalan motoci, har da uwayen adashe waɗanda 'ya'yansu ke rubuta musu zubi a na'ura.

Dalilin da ya sa tambayar ta yi yawa a bayyane yake. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 irin yadda ya saba, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020, da Windows XP a Afrilun 2014. Windows 11 kuma, wadda ta fito a 2021, ba kowace tsohuwar na'ura take karɓa ba. Ga kuma iskar teku ta Kotonu mai cin ƙarfe, wadda ba ta barin na'ura ta yi tsawon rai. Saboda haka ko an so ko ba a so, ranar ƙaura tana zuwa. Abin da ya rage shi ne a yi ƙaurar ba tare da an bar dukiya a tsohon gida ba.

Shago, akawu da littafi

Kafin kome, sai mu rarrabe abubuwa uku da mutane ke haɗawa su kira su "kwamfuta". Na'urar kanta kamar shago ce. Manhajar lissafi, wadda masu Faransanci ke kira lojisiyel, kamar akawun da ka ɗauka ne yana yi maka rubutu da tarawa da ɗebewa. Fayil kuwa shi ne littafin da akawun ke rubutu a ciki. Shago ana iya sauya shi, akawu ma in ya tsufa ana iya samun wani. Amma littafin babu irinsa a duk duniya sai wannan na hannunka, domin a cikinsa ne aka rubuta wanda ka ba kaya a Gaya bai biya ba tukuna, da wanda ya ajiye kuɗin aikin Hajjinsa a wurinka.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami na farko. Mutum ya ga ɗan hoton manhajar a fuskar kwamfuta, wanda yake dannawa kullum da safe, sai ya kwafe shi a kile USB, ya ce ya ɗauki lissafinsa. Alhali kuwa wannan hoton allon ƙofar shago ne kawai, yana nuna hanya, babu ko tamma a cikinsa. In ka duba nauyinsa za ka ga bai wuce kilobayit ɗaya ko biyu ba. Littafin gaskiya yana can wani wuri, kuma ana gane shi da haruffan ƙarshen sunansa. Na Microsoft Money yana ƙarewa da .mny, ajiyarsa kuma da .mbf. Na Quicken .qdf ne. Tsohon Excel .xls, na bayan 2007 kuma .xlsx. In wani yaro mai basira ne ya ƙera maka manhajar da Access, to nemi .mdb ko .accdb. Masu Ciel Compta da Sage Saari da EBP kuwa, abin da ya fi musu shi ne su bi ta ƙofar da manhajar ta tanada, wato inda aka rubuta Sauvegarde, domin lissafinsu yakan warwatsu a fayil fiye da ɗaya, in aka ɗauki wani aka bar wani ba zai buɗu ba.

A rufe littafi kafin a ɗaga shi

Duk ɗan kasuwa ya san ba a ƙirga kaya ana cikin ciniki. To haka ma wannan aiki. Zaɓi rana guda, ƙarshen wata ya fi, ka shigar da duk abin da ya rage, sannan ka tsaya. Daga nan ka ɗauki kaye da biro ka rubuta alƙaluma huɗu kamar yadda tsohuwar na'ura ta nuna su: jimlar kuɗin da ke hannu da banki da waya, jimlar abin da kake bin mutane, jimlar abin da ake bin ka, da yawan layukan da ke cikin littafin. Ka sa kwanan wata a ƙasa. In akwai injin bugawa, ka buga sunayen masu bashi duka da abin da ke kan kowa.

Mu malaman makaranta ba mu karɓar lissafin rabawa daga yaro sai ya juya ya ninka ya ga amsa ta koma inda ta fito. Waɗannan alƙaluma huɗu su ne gwajinka. Ranar da aka ce maka an gama ƙaura, ka buɗe sabuwar na'ura ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. In ko dala ɗaya ta bambanta, to aiki bai ƙare ba, kome kyan da fuskar na'urar ta yi.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce a sa tsohuwar manhaja a sabuwar na'ura, wato akawu ya bi ka sabon shago. Sau da yawa hakan yana yiwuwa, amma sai da faifan asali da lambar da aka sayar da shi da ita. Sababbin na'urori kuma yawancinsu ba su da wurin sa faifai, sai an nemo na waje mai igiyar USB. In manhajar ta shiga amma ta ƙi tashi, akwai wurin da ake kira Compatibilité cikin Propriétés, inda ake gaya wa Windows ta ɗauke ta kamar a zamanin XP ko 7. Sai dai akwai katangar da ba ta tsallakuwa. Manhajojin zamanin DOS da Windows 3.1, waɗanda ake ce wa masu bit 16, ba sa aiki kai tsaye a Windows mai bit 64, ita kuwa Windows 11 mai bit 64 kaɗai ake yi. Har ma akwai manhajojin shekarun 1990 da su kansu za su iya aiki, amma abin da ke shigar da su na bit 16 ne, sai su tsaya a bakin ƙofa.

Wata matsalar kuma ita ce kamfanin da ya ƙera manhajar ya bar ta. Microsoft ya daina sayar da Money a 2009. A 2010 ya fitar da wata ta kyauta mai suna Money Plus Sunset don masu tsofaffin fayiloli, amma don bugun Amurka aka yi ta. Bugun Faransa, wanda shi ne ya fi zuwa wajenmu, a Money 2005 ya tsaya. Saboda haka mai fayil na bugun Faransa kada ya ɗauka ta Amurka za ta buɗe masa. Wasu kamfanonin kuma sun koma tsarin haya, ana biya duk wata ko duk shekara. Kafin ka shiga irin wannan, ka tambaya sarai: ranar da na daina biya, zan iya ganin littafina in fitar da shi?

Nasan wani zai ce ai tasa manhajar mai sayar da na'ura ne ya sa masa a matsayin gyara, babu faifai babu lamba. To kada ya tura yaro intanet ya kwaso wadda aka fasa. Araha ba ta ado. Cikin irin waɗannan ne ake cusa ƙwayoyin da ke kulle fayilolin mutum a nemi fansa. Mai irin wannan manhaja ya dubi hanya ta biyu ko ta uku.

Hanya ta biyu ita ce a bar tsohon akawu a ɗakinsa. Ko dai a ajiye tsohuwar na'ura don duba tsohon lissafi kawai, ko kuma masani ya gina mata ɗaki cikin sabuwa da manhajar VirtualBox, tsohuwar Windows ta zauna a ciki kamar baƙo a zaure. Sharaɗin wannan hanya guda ne: kada tsohuwar Windows ta taɓa intanet. A watan Mayun 2017 wata ƙwaya mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa da ke jikin Windows ɗin da ba a yi wa gyara ba, ta kulle na'urori a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Wannan hanya ta rage zafi ce, ba ta zama ba, gama na'urar da ta tsufa ba ta sallama kafin ta mutu.

Hanya ta uku ita ce a ɗauki sabon akawu a miƙa masa tsohon littafi. Ita ce mai wahala a yau, mai sauƙi gobe. Akwai manhajojin kyauta na halal, irin su GnuCash da HomeBank da Grisbi, dukansu suna jin Faransanci. Mai Excel kuma LibreOffice tana buɗe masa fayilolinsa ba da ko dala ba. Yadda ake yi shi ne a sa tsohuwar manhaja ta fitar da lissafin a siffar da kowa ke karantawa, wato QIF ko CSV, sannan sabuwa ta shigo da shi. Wannan fitarwa a tsohuwar na'ura ake yin ta, tun tana da rai. Wanda ya bari sai ta mutu, ya bar kari tun ran tubani.

Ramukan da ke kan hanya ta uku

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne kuɗi ke ɓata ba tare da ɓarawo ya shigo ba.

Na farko, ɗigo da waƙafi. Mu a nan in muka rubuta 12.500 nufinmu jika goma sha biyu da rabi. Na'urar da aka saita da Turancin Ingilishi kuwa, irin waɗanda ke zuwa ta Legas ko daga Amurka, in ta ga 12.500 sai ta karanta goma sha biyu da rabi kawai, jikar ta tafi. Haka kuma 1,5 a wajenmu ɗaya da rabi ne, a wajenta waƙafin nan na raba dubbai ne. Saboda haka tun kafin a shigo da kome, a saita yanki da harshen sabuwar na'ura su zama daidai da na tsohuwa.

Na biyu, kwanan wata. 03/04/2019 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris. Abin da ya sa wannan rami ke da wuyar gani shi ne duk ranar da ta wuce 12 ba ta juyuwa, tun da babu wata na 13, sai na'ura ta ƙi ta ko ta ajiye ta kamar rubutu. Amma daga 1 zuwa 12 sai su juye shiru. Uwar adashe da aka juya wa ranaku haka, ranar kwasa za ta ji a jikinta.

Na uku, sifirin farko da dogayen lambobi. Tun ran 30 ga Nuwamba 2024 lambobin waya a ƙasar nan suka koma lamba goma, suna farawa da 01. Excel kuwa in ya buɗe fayil na CSV, ɗabi'arsa ce ya ɗauki lambar waya kamar adadi ya jefar da sifirin farko. Lambar IFU mai lamba 13 ita kuma yakan taƙaita ta ya nuna wani abu mai harafin E a tsakiya, in aka sake ajiye fayil ɗin a haka, lambobin ƙarshe sun tafi ke nan. Maganin shi ne a gaya masa tun wajen shigowa cewa waɗannan layuka rubutu ne. Wannan kuma dama ce ta gyara tsofaffin lambobi masu takwas da suka rage a littafi.

Na huɗu, irin kuɗi. Siffar QIF ba ta ɗauke da sunan kuɗi, alƙaluma ne tsirara. Mutane da yawa da suka yi amfani da manhajar Faransa ba su taɓa sauya mata kuɗi ba, suna zuba sefa a ƙarƙashin alamar yuro, kuma ba abin da ya faru tun da su kaɗai ke karantawa. Amma in sabuwar manhaja ta ɗauki alamar da gaske, za ta ninka kowane adadi da 655,957 irin rubutunmu, wato farashin yuro ɗaya a sefa tun 1 ga Janairu 1999. A sabuwar manhaja sunan kuɗinmu XOF ne, na naira kuma NGN, a ba kowane asusu nasa. Masu hulɗa da Najeriya su ƙara lura. Kafin Yunin 2023 dalar Amurka a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a Fabrairun 2024 kuwa ta haura 1,500. In ka ba mutum kaya a 2022 kuka yi magana a sefa, amma aka rubuta da naira, sannan sabuwar manhaja ta auna shi da canjin yau, za ta cinye maka wani kaso mai yawa na haƙƙinka. Kowane bashi a bar shi a kuɗin da aka ƙulla shi, a rubuta canjin ranar a gefe. Dattawanmu da suka ga Janairun 1994, lokacin da aka kwana faran Faransa yana sefa 50 aka wayi gari yana 100, sun san rigimar da irin wannan ke haifarwa tsakanin aminai.

Akwai ma tamu ta gida. Bahaushe da dala yake ƙirga, takarda kuwa da faran take rubutu. In Alhaji yana faɗi da baki yaro yana bugawa, a tabbata wane ma'auni aka bi, gama dala 5,000 sefa 25,000 ce. In yara biyu ne suka riƙe littafin a shekaru dabam-dabam, a duba ko ma'auninsu ɗaya.

Na biyar, kuɗin da aka ɗauka daga wani asusu zuwa wani, misali daga akwati zuwa banki. In aka shigo da asusun ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci sai layin ya fito sau biyu. Ƙirgen layukan nan da ka rubuta a kaye shi ne zai tona wannan. Sannan a duba sunayen mutane, domin haruffa masu ƙugiya irin ɗ da ƙ da ɓ, da na Faransanci masu alama a ka, sukan rikiɗe su koma wasu zane-zane, har mutum ɗaya ya zama biyu a littafi.

Tsohuwar na'ura da mai gyara

Kada a yi gaggawar sayar da tsohuwar na'ura ko ba yara su yi wasa. A bar ta wata uku, ana aiki da sabuwa ana gwadawa. Ba a sakin na hannu don na guje. In lokacin rabuwa ya yi, a sani cewa jefa fayil a kwandon shara ba ya shafe shi, mai ɗan sani yana iya tono shi. Ko a cire rumbun ajiyar cikinta a adana a gida, ko a sa a shafe shi shafewa ta gaskiya. Mai gyara kuma a kira shi ya yi aikin a gabanka. Yawancinsu mutanen kirki ne, amma littafin nan ba sirrinka kaɗai ke ciki ba, akwai na mutanen da suka ci bashi a ɓoye don rufin asiri.

Kwafi kuma a yi uku: ɗaya a na'ura, ɗaya a kile USB ko rumbun waje a gida, ɗaya a wani gida dabam. Wanda ya ga ambaliyar 2010, ko gobarar Tokpa ta ƙarshen Oktoban 2015, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kowane kwafi a buɗe shi a gani da ido, gama kile ma yana mutuwa. Duk ƙarshen shekara kuma a buga jerin basussuka a takarda.

Masu rajistar kasuwanci su tuna dokar lissafi ta OHADA, wadda Benin ke cikin ƙasashenta 17, ta ce a adana littattafai da takardun shaida shekara goma. Ranar da ma'aikatan lanfo suka nemi lissafin shekarun baya, "kwamfuta ta lalace" ba amsa ba ce.

Magana ta ƙarshe ita ce kalmar sirri. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma amfanin rubutu shi ne a iya karanta shi ranar da mai shi ba ya nan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba a raba gado sai an biya shi. Idan fayil yana kulle, mabuɗin kuma yana cikin kan mutum ɗaya, to ranar da ta Allah ta kasance marayu ba za su san wanda za su bi ba, masu ajiya kuma ba su da shaida. A rubuta kalmar sirri da sunan manhaja da inda fayil yake, a rufe a ambulan, a ba amintacce guda ko a haɗa da takardun gida. Wannan aikin minti biyar ne, kuma ba sai an jira sabuwar na'ura ba.

Mai tambaya ya aiko ta ofishin jarida kamar yadda aka saba, ya faɗi sunan manhajarsa da shekarar da aka sa masa ita, amma kada ya aiko da kalmar sirrinsa. Allah ya sa albarka a nema, ya raba mu da rigimar bashi. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.